Ƙwallon Dabinon da Ba a Jefa Ba

Ranar Laraba ce, wajen azahar ta nan Doha. Ina zaune ina tsince busasshen zogalen da aka aiko mana daga gida, sai na ji mukulli a ƙofa. Ɗana ba ya dawowa a wannan lokaci. Gyaran injinan asibiti yake yi, sai bayan la'asar ake ganin ƙeyarsa. Ya shigo da rigar aiki, ko takalmi bai cire ba, ya tsaya a kaina kamar an dasa shi. Sannan ya durƙusa ya riƙe ƙafata, mutumin da ya haifi budurwa.

Ya ce, "Inna, Kawu."

Na ce, "Kawu ya yi me?"

"Kawu ya rasu."

Na ce ƙarya ne. Ni da ban taɓa ƙaryata yaron nan ba tun yana goye, ranar na ƙaryata shi. Na ce, "Jiya-jiya na yi faɗa da shi a waya. Wanda aka yi faɗa da shi jiya ba ya mutuwa yau." Surukata ta fito daga kicin da ludayi a hannu, ta tsaya, ludayin na ɗiga a ƙasa, ba wanda ya ce mata ta goge. Sai da ta ce Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un sannan bakina ya tuna abin da ake faɗa.

Bai yi ciwo ba, ko na kai. Da hantsi yana kan bencinsa a ƙofar shago, rediyo a cinya, yana gardama da ɗalibai biyu. Ya ɗaga yatsa zai ba su amsa, sai yatsan ya sauka. Suka zaci tunani yake yi, har ɗayan ya ce, "Baba, mun kayar da kai ke nan?" Kafin la'asar ta can an kai shi. Ni kuwa ina hawa na huɗu a unguwar Al-Sadd, sanyin na'ura na busa min a baya, ina kallon makarar yayana a cikin waya, ba ta fi tsawon ɗan yatsana ba. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, mu biyu muka rage, ban taɓa ko gefen likkafaninsa ba.

Ni ban yi boko ba, ban kuma taɓa jin kunyar hakan ba, domin abin da ke cikin kaina ya ishi littafi. Surukata ce ke rubuta wannan, na kuma gargaɗe ta kada ta rage min magana ko ta yi mata kwalliya. Ina so a san wane ne Yaya kafin masu saninsa su bi shi.

Maƙwabciyarmu ce ta fara shigowa, wata nas 'yar Filato, Kirista. Ta ajiye tukunyar gwate, ta zauna kusa da ni ta riƙe hannuna har magariba, ba ta cika ni da surutu ba. Allah ya saka mata. Maza kuwa sai Juma'a suka samu zuwa, ranar hutunsu, ta kuma yi daidai da sadakar uku. Direbobi da masu gadi suka cika falon nan, wasu tun daga Sana'iyya, unguwar ma'aikata, suka biyo bas cikin ranar da ke narka kwalta. Yawancinsu don ɗana suka zo. Amma akwai wani dogo, mai gadi a wani otal a Lusail, da ya ƙi zama a kujera, ya zauna a ƙasa gabana yana share ido da hularsa.

Ya ce, "Hajiya, ni ɗan bencin Baba ne. A jami'ar da ke gaban shagonsa na yi karatu. Ranar da na fara kai masa rediyona, ko buɗe shi bai yi ba, sai ya ce, wa ke wakiltar ajinku? Na ce ban sani ba. Ya miƙo min kayana ya ce, je ka sano ka dawo, ba na gyara wa kurma rediyo."

Aka yi dariya a gidan makoki, har da ni.

Ya ce, "Wallahi Hajiya, ɗakinmu mu shida ne, har da ɗan Nepal da ɗan Uganda. Duk abin da ya tashi, ko na shara ne ko na kashe fitila, ƙwallon dabino muke jefawa. Ba su san Baba ba, amma dokarsa suke bi."

To, bari in faɗi maganar ƙwallon dabinon nan, domin wanda bai san ta ba bai san Yaya ba.

Mai gyaran rediyo ne. Shagonsa na kallon ƙofar jami'a, gidansa na bayan shagon. Bai wuce allo da yaƙi da jahilci ba, amma tun yana saurayi yake bin 'yan siyasar talakawa yana ɗaukar musu tabarmi, ya kwaso abin da ya kwaso. Da ya yi gidan kansa sai ya ajiye ƙwarya ɗaya da akushi ɗaya a kan kanta. Duk maganar da ta shafi gida, sai a kai su bayan labule, a ba kowa ƙwallon dabino guda. Ƙwarya ita ce na yarda, akushi shi ne ban yarda ba. Mata na jefawa. Yaro in ya iya wanke hannunsa da kansa, yana jefawa. Wanda ya ƙi jefawa, in ji Yaya, ba shi da bakin ƙorafi. In aka yi kunnen doki, maganar mai gida ce ta tsaya. Wanda kuma aka kayar, shi ke fara ɗaukar aikin, don kada ya koma gefe yana jiran abin ya lalace.

Mutanen unguwa sun sha yi masa dariya. Suna cewa wane irin mai gida ne yara ke kayarwa? Kuma suna kayar da shi ɗin. Akwai shekarar da aka jefa a kan tulin matattun rediyoyin da ya cika zaure da su. Aka zazzage ƙwarya, tara. Aka zazzage akushi, ɗaya tilo, nasa. Jikata na nan lokacin, shekararta shida. Ya dube ta ya ce, "Har da ke, amaryata?" Ta ce, "Baba Tsoho, ɓeraye ne ke kwana a ciki." Ya tashi ya naɗe hannun riga, shi ya fara kwasa, yana kwasa yana mita, yana cewa talakawa ba su san darajar kaya ba. Amma ya kwashe tas.

Ɗaliban jami'a kuwa, benci ya zame musu aji na biyu. Su zo cajin waya ko gyara, su tarar da tambaya. Me aka ce a labarai yau? Kai me ka gani? In yaro ya ce duk 'yan siyasa ɓarayi ne, sai ya ce, "Madalla, ka gano ɓarawo. Wa ka bar wa gadin gidan?" In wani ya zo da zafi yana cewa a ƙona, a fasa, sai ya ce, "Ka rubuta takarda tukuna? Mutum nawa suka sa hannu? Kai da ba ka iya tara mutum goma ba, ashana ce za ta tara maka?" Bai taɓa gaya wa ɗalibi wanda zai zaɓa ba. Shi dai ka san abin da ake ciki, kuma ka jefa.

Kada a zaci ina yabon abin nan ne tun farko. Na tsane shi, kuma ina da dalilina.

Zamanin soja, ina da cikin yaron nan, aka yi rikici a jami'a aka rufe ta rana tsaka. Ɗaliban nesa suka rasa inda za su. Yaya ya buɗe shago da zaure ya shimfiɗa tabarmi, bai tambayi kowa garinsu ko addininsa ba. Kwana uku aka zo aka tafi da shi, wai ya ɓoye masu tayar da fitina. Ni na riƙa kai masa abinci gidan yari da tsohon ciki, in tsaya a rana, a jujjuya tuwon da sanda a gabana kafin a karɓa. Mahaifiyarmu, Iya, ta daina cin abinci. Kullum tana bakin ƙofa tana kallon hanya. Wata na biyar ta kwanta, ba ta tashi ba. Aka binne ta ɗanta na kulle.

Ranar da aka sake shi ya zo gidana, ya rame kamar kara. Ban ba shi ruwa ba. Na ce, "Siyasarka ta cinye Iya." Ya tsaya ya dube ni, ya juya. Shekara biyu ba mu gaisa ba, ko a gidan suna.

Abin da ya haɗa mu kuwa, Iya ce dai. Da aka dawo mulkin farar hula, wata safiya sai ga shi a ƙofata. Ya ce, "Ƙanwata, Iya ta yi zaɓe." Na zaci ya taɓu. Ashe sunanta ya gani a takardar masu zaɓe ta unguwarmu, an dangwala mata yatsa. Matar da ba ta taɓa jefa ƙuri'a da ranta ba, ta jefa daga kabari. Ya je ya zauna a gaban rumfar zaɓen a ƙasa, ya ce ba zai tashi ba sai an soke. Aka lallashe shi, aka zage shi, aka yi masa barazanar komawa inda ya fito. Ni da na rantse ba ruwana da shi, sai ga ni na yafa mayafi na je na zauna kusa da shi. Uwata ce ai. Kafin yamma aka ja layi a kan sunan. Tun daga ranar maganar ta zauna a bakinsa, yaran gidan har waƙa suke yi da ita: matattu ba sa zaɓe.

Zaɓen da ya biyo baya shi ya raka ni na yi kati. Na shiga na dangwala wa abokin hamayyar ɗan takararsa, don in ƙuntata masa, na fito na gaya masa. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Kin dai jefa." Mutumin nan ba a iya cin nasarar faɗa da shi.

Yanzu ga maganar da ta sa muka yi faɗan ƙarshe.

Da ɗana ya samu aikin nan ya taho da matarsa, sai aka bar babbar 'yarsu a gidan Yaya saboda makaranta. A bencin nan ta girma. Ni daga baya aka ɗauko ni saboda ciwon gwiwa. Yarinya ta shiga jami'ar, tana shekarar ƙarshe. Kwanakin baya ruwa ya ɗauke a ɗakunan kwanan mata, mako uku. Jikata ta bi ɗaki-ɗaki ta tara sa hannu, aka kai takarda, shiru. Sai ta jera 'yan mata da bokitai babu ruwa, suka je suka ajiye su a ƙofar ofis suka zauna, ba zagi ba jifa. Aka gyara famfo. Amma hotonta ya zaga waya, tana gaba da jan bokiti, har ya iso Doha. Bayan haka ɗalibai suka ce ta tsaya takarar kujerar walwala a ƙungiyarsu, ta kuma karɓi takarda.

Ubanta ya ga hoton a wurin aiki. Ya dawo ko abinci bai ci ba. Ya ce, "Inna, saura wata nawa ta gama? Sa hannu ɗaya ya isa a kore ta. Ni nan shekara goma sha ɗaya ina haɗiye magana. A ƙasar mutane in kafil, ubangidan da ya ɗauko ka, ya ce halas, to an gama, sai filin jirgi. Ina haɗiyewa ne don ta yi karatu, ba don ta ɗauki bokiti ba." Ya kira ta ya ce ko ta janye kafin Litinin, ranar da ake rufe sunaye, ko ya cire ta daga makarantar da hannunsa. Na goya masa baya da ƙarfina. Ni na san ƙofar gidan yari, su a labari suka ji ta.

Yaya ya ce a'a, ba haka ake yi ba, yarinyar a gidansa take, a jefa. Mu biyar: shi, da ni, da uban, da uwar, da ita. Ranar Juma'a, ta waya mai hoto. Ɗana ba ya iya musu da kawunsa, ya yarda. Lissafin ba ɓoyayye ba ne. Ni da ɗana akushi. Yarinya da uwarta ƙwarya, domin na lura da surukata tana kallon hoton bokitin nan tana murmushi in ta zaci ba na gani. Rubuta, ke, ai gaskiya ce. Saura Yaya, kowa kuma ya san inda zai jefa.

Shi ya sa na kira shi ranar Talata. Na ce, "Ka cinye Iya, yanzu jikata kake so?" Shekara arba'in da wani abu ban maimaita kalmar nan ba, sai ranar. Ya ce, "Ƙanwata, tsoronki gaskiya ne, ban raina shi ba. Ki adana shi ki zuba a akushi ranar Juma'a. Ni ƙwallona na aljihu." Na ce, "Mu gani," na kashe. Maganata ta ƙarshe da ɗan'uwana ke nan a duniya. Mu gani.

Ranar Juma'ar, da masu gaisuwa suka watse bayan la'asar, sai waya ta yi ƙara. Jikata ce, tana zaune a zauren Yaya, idanu sun kumbura, ƙwarya da akushi a gabanta. Ta ce, "Baba, yau Juma'a." Ɗana ya ce wace irin magana ce wannan ana cikin makoki. Ta ce, "Baba Tsoho ne ya sa rana. Litinin kuma ba za ta jira ba." Ta buɗe tafin hannunta ta nuna mana ƙwallon dabino guda. Masu wanka ne suka same shi a aljihun rigarsa.

Surukata ta fashe da kuka. Ta ce, "To ki jefa masa. Duk mun san ƙwarya zai sa. Da bakinsa ya gaya wa Inna yana aljihu."

Ban musa ba, domin haka ne. Ɗana ma bai musa ba, ya sunkuyar da kai. Da ta jefa shi a lokacin, ba mai cewa uffan, uku da biyu, magana ta ƙare. In kuwa ba ta jefa ba, biyu da biyu ne, kunnen doki, maganar ubanta ta tsaya. Ta san wannan sarai, a gidan ta tashi.

Ta dubi ƙwallon. Sannan ta ce, "Umma, matattu ba sa zaɓe." Ta ajiye shi gefe a kan tabarma. "In na ci da wannan, da wane ido zan dubi bencinsa?"

Muryar yarinya ce, amma wanda na zauna kusa da shi a gaban rumfa nake ji.

Ta jefa nata a ƙwarya muna kallo. Mu kuma nan ba ƙwarya ba akushi, sai surukata ta ɗauko farin kofi a madadin ƙwarya da baƙin kofi a madadin akushi ta kai kicin ta rufe da tawul. Dabino kam ba a rasa shi a garin nan, masu gaisuwa sun bar faranti cike da ƙwallaye. Ɗana ya ce, "Yalla, tashi, Inna, ke ce babba." Na shiga. Ba zan yi wa mamaci ƙarya ba, ba zan yi wa masu rai ba: baƙin kofi na jefa. Can na jefa, domin har gobe ina ganin sandar nan tana juya tuwo. Surukata ta shiga ta fito. Ɗana ya shiga, ya daɗe, har na ce ko shayi yake dafawa.

Aka kawo kofuna gaban waya. Aka kife fari, ƙwallo biyu suka gangaro. Aka kife baƙi, ɗaya.

Na dubi ɗayan nan, na san shi, nawa ne, har da ɗan guntun dabinon da ban gama ci ba a jikinsa. Na juya na dubi yaron da na haifa. Na ce, "Kai?"

Ya ce, "Inna, ƙuri'a sirri ce."

Na ce, "Ni za ka gaya wa sirri? Ni na yi wankan jegonka."

Bai ɗago ba. Can ya ce, "Ta samu hanyar cin zaɓe a ɓagas ta ƙi. Wanda zai hana irin wannan tsayawa, ba ni ba ne." Ya juya ga waya ya ce, "Amma ki ji, ba zagi, ba fashe-fashe, kuma in kika faɗi jarrabawa ni da ke ne." Ta ce to, tana kuka tana dariya.

Wato ni kaɗai aka bari a akushi, kamar Yaya ranar rediyoyi. Ina cikin jinyar wannan sai 'yar nema ta share hawaye ta ce, "Kaka, saura doka."

Na ce, "Wace doka kuma?"

"Wanda aka kayar shi ke fara ɗaukar aiki."

Na ce, "Ke, ina Doha da gwiwa ɗaya, me zan ɗauka?"

Ta ce, "Bakinki lafiyarsa ƙalau."

Ban yi gardama ba. Gidanmu ba a cin amanar akushi. Washegari na sa surukata ta danna min waya, na gyara zama, na yi wa 'yan matan jami'a magana. Na ba su labarin matar da ta yi zaɓe daga kabari da ɗanta da ya zauna a ƙasa har aka soke. Na ce ban ce ku zaɓi jikata don jikata ce ba, ni kaina ban zaɓe ta ba, amma ku fito ku jefa, wadda ta zauna a ɗaki kada in ji bakinta ran da famfo ya ƙafe. An ce maganar ta zaga ɗakunan kwana kaf, har suna kirana Kakar Doha. Ban yi mamaki ba. Da ma na iya magana.

Zaɓen sai mako mai zuwa. Ban san ko za ta ci ba, ban kuma daina tsoro ba. Ƙwallon Yaya kuwa na ce ta adana min shi a cikin akushi, kada kowa ya taɓa, in Allah ya mai da ni gida ina so in riƙe abin da hannunsa ya riƙe daga ƙarshe, tunda ban sami likkafani ba.

Yaya, kalmar da na faɗa maka ranar Talata, na janye ta. Na so in janye ta a kunnenka, Mai kowa bai nufa ba. Na ce maka mu gani, to na gani. Ka kayar da ni uku da ɗaya, ko jefawa ba ka yi ba.

Allah ya yafe maka, ya haɗa ka da Iya a inda ba a kulle ƙofa. Mu kuma da muka rage a layi, Allah ya sa namu ya faɗa a ƙwaryar rahama.